Yadda Ake Samun Wurin Ajiye Mota Cikin Cunkoso da Labarin da Direbobi Ke Ba Juna

Gurbin mota a bakin titi kusa da babbar kasuwa ba ya jiran kowa. Da hantsi a Garwa, ko ranar Litinin a Marwa da kasuwa ke ci, duka a arewacin Kamaru, wurin da mota ta tashi yakan cike kafin ƙurar tayarta ta lafa. In ba wata motar ce ta shiga ba, to 'yan moto uku sun jera, ko mai pus-pus, wato amalanken turawa, ya girke kayansa. Shi ya sa saƙon da ke cewa "akwai wuri a nan" kusan kullum ya lalace kafin ka gama karanta shi. Saƙon da ke da amfani shi ne wanda ke cewa "ina nan, zan tashi nan da minti biyar". Na farko labarin abin da ya wuce ne, na biyu kuwa alkawari ne da za ka iya auna tafiyarka da shi. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan bambancin aka gina shi.

An daɗe da gwada yin haka da manhaja. A 2010 Google ya fitar da wata mai suna Open Spot a wayoyin Android: direban da ya tashi ya danna, na kusa su ga gurbin a taswira, bayan minti 20 alamar ta goge kanta. Ba ta daɗe ba ta mutu, domin masu nema sun fi masu bayarwa yawa nesa ba kusa ba. Alamar wahalar fakin da Google Maps ya fara sakawa a 2017 kuwa don biranen Amurka aka fara yin ta, kada ka jira ta a Njamena. Waze, manhajar taswira da direbobi ke ba da rahoton hanya a cikinta, wadda Google ya saya a 2013, tana da kyau inda masu amfani da ita suka yi yawa, amma a garuruwanmu sau da yawa za ka buɗe ka iske titunan fayau babu mai ba da rahoto. Abin da ke hannun kowa shi ne WhatsApp, kuma da shi za a yi aikin, Google Maps ya zama ɗan rakiya.

Kayan da za ka tanada

Waya mai GPS da ke aiki, da 'yan mega. Saƙon rubutu da alamar wuri ba sa cin komai, hoto da bidiyo su ke shanye forfe, wato megan da ka saya, don haka ka kashe saukar da su kai tsaye a zauren WhatsApp da za ku kafa. Ka sa marikin waya a bakin ramin iskar mota, ba a kan dashbod ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, wayar da ke kwance ƙarƙashin gilashi tana caji tana kuma jan GPS za ta yi zafi ta dushe fuska ko ta mutu daidai lokacin da kake buƙatarta. Ka sauke taswirar garinku a Google Maps tun kana gida, ta yadda ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya yanke ɗigon nan shuɗi zai ci gaba da nuna inda kake, saboda GPS da tauraron ɗan'adam yake magana, ba da eriyar MTN ko Orange ko Airtel ko Moov ba.

Abu na ƙarshe, kuma ba na wasa ba: mai karanta maka. Direba ba ya rubutu yana tuƙi, doka ta hana, kuma a titin da moto ke fitowa ta ko'ina daƙiƙa biyu na kallon waya sun isa a kwashi mutum. In akwai yaron mota ko wani a gefenka, wayar tasa ce. In kai kaɗai ne, ka tsaya gefe kafin ka shiga cunkoson, ka karanta, ka amsa, sannan ka shiga.

Kafa zauren

Zaure ɗaya, yanki ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan zaurukan: a tara duk direbobin gari wuri guda. WhatsApp na ɗaukar mutum 1024, amma mai neman wuri a bakin babbar kasuwar Njamena ba ruwansa da gurbin da ya buɗe a unguwar Dembe ko Digel. Ku yanka yankin da mutum zai iya ratsawa da ƙafa cikin minti goma, ku sa wa zauren sunansa. Mutum 40 zuwa 150 masu zuwa wurin a kai a kai sun wadatar. Ƙasa da haka shiru zai yi yawa, sama da haka mutum biyar za su yi ca a kan gurbi ɗaya.

Kada ku tsaya ga masu mota kawai. Mutanen da suka fi kowa sanin motar da za ta tashi su ne waɗanda ba sa motsawa: mai shagon bakin titi, mai gadin banki ko famasi, mai shayi, mai wankin mota, mai faci. Su ne ke ganin Alhaji ya fito da ledoji yana lalubar makulli. Biyar daga cikinsu sun fi direba hamsin amfani.

Masu kula da zaure biyu ko uku su rubuta ƙa'idoji, su maƙala saƙon a sama. Maƙalawar tana ƙarewa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 30, sai a riƙa sabuntawa. Su kunna gogewar saƙonni bayan awa 24, don kada wani ya buɗe da safe ya bi labarin jiya. Ƙa'idojin kaɗan ne: ba talla, ba gaisuwar Juma'a mai furanni, ba siyasa, ba hoton mutane ko lambar motar wani, kuma duk wanda ya yi mako biyu yana karɓa bai taɓa bayarwa ba a yi masa magana. Gaisuwa ibada ce, amma a yi mata wani zauren.

Sai ku yi aikin da ya fi kowanne muhimmanci: ku raɗa wa layuka suna. Yawancin titunan kasuwanninmu ba wanda ke kiransu da sunan da ke taswira. Ku zauna ku amince cewa wannan shi ne layin masu atamfa, wancan ƙofar masu nama, can bayan masallaci, nan gaban banki. Sunaye takwas zuwa goma sha biyu. Kowanne a ɗora masa alamar wuri sau ɗaya a bayanin zaure, sabon shiga ya haddace.

Yadda mai tashi zai ba da labari

Ka aika tun kana cikin shago kana jiran canji, ba bayan ka tayar da inji ba. Minti biyar zuwa bakwai kafin tashi shi ne daidai. Saƙon ya ƙunshi abu biyar, a jere iri ɗaya kullum: wane layi, wane hannu, ƙarfe nawa za ka tashi, wace irin mota ce za ta fita, da abin lura in akwai. Misali:

"Salamu alaikum. Layin masu atamfa, hannun dama in ka fito daga shataletale, gaban mai shayi. Zan tashi 10:40. Farar Hilux ce. Akwai inuwa, amma kwata a buɗe take ta baya."

Ka lura an faɗi ƙarfe nawa, ba "yanzu-yanzu" ba. Saƙo na iya makalewa minti huɗu a hanya in rezo ya yi nauyi, kuma "yanzu" na mai aikawa ba shi ne na mai karɓa ba. Faɗin irin motar ma ba ado ba ne: gurbin da Hilux ta bari zai ɗauki kowace ƙaramar mota, amma wanda Starlet ta bari ba zai ɗauki Hilux ba ko da an yi ta murza sitiyari har la'asar.

Bayan rubutun sai ka bi shi da alamar wuri. Ka taɓa alamar maƙala fayil, ka zaɓi Localisation, amma kada ka aika nan take. Ka dubi adadin mitocin da wayar ta nuna a ƙarƙashi, ka jira ya sauko zuwa 10 ko 15. A fili waya kan yi kuskuren kamar mita biyar, amma ƙarƙashin rumfunan kwano ko tsakanin benaye sai ɗigon ya tsallaka layi na gaba. Don haka ita alamar a gefen motar za ka tsaya ka aika ta, ba daga cikin kasuwa ba. Kuma ko alamar ta yi kyau ba za ta gaya wa mutum ko wane gefen titi ba ne, domin faɗin titin bai kai kuskuren GPS ba. Baki ne ke faɗin hannu.

Wanda rubutu ke ba shi wahala ya yi saƙon murya, amma kada ya wuce daƙiƙa goma sha biyar, kuma ya bi jerin nan guda biyar. A zauren da ake cakuɗa Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi da Faransanci, a bar sunayen layuka yadda aka amince da su, a rubuta lokaci da lambobi, sauran kowa ya faɗa da harshen da ya fi masa sauƙi.

Yadda mai nema zai yi

Mataki na farko lissafi ne. A cikin cunkoson kasuwa mota ba ta cika wuce kilomita 15 a awa ba, wato mita 250 a minti. Gurbin da zai buɗe nan da minti biyar naka ne kawai in kana cikin kilomita ɗaya da 'yan kai. In kana kan gadar Binuwai a Garwa ko kana layin shigowa Njamena ta Ngeli daga Kuseri, kada ka ce naka ne. Ka bar wa na kusa.

In lissafi ya yi, ka amsa a kan saƙon kansa, ba a ƙasa haka kawai ba: "Na karɓa, Malam. Jar Corolla, minti huɗu." Wanda ya fara amsawa shi ke da wurin, sauran su janye. Wannan ƙa'idar ce ke hana motoci uku su taru a layi ɗaya su toshe shi. Sannan ka koma wajen mai tashin kai tsaye ka kunna masa wurinka na kai-tsaye. WhatsApp na ba da zaɓi uku: minti 15, awa 1, awa 8. Minti 15 za ka zaɓa, kuma shi kaɗai za ka aika wa, ba zaure ba. Ba dalilin da zai sa mutum ɗari su san inda ka nufa bayan ka ciro kuɗi a banki.

Ka dubi launin titi a Google Maps, amma da taka-tsantsan. Kore hanya a buɗe, ruwan lemo tafiyar hawainiya, ja cunkoso. Launin daga motsin wayoyin da ke kan titin ake samo shi, kuma a garuruwanmu da yawan wayoyin a aljihun 'yan moto suke, su kuwa suna kurɗawa ta inda mota ba ta isa ba. Sai ka ga kore alhali motoci a tsaye suke cik. Maganar mai shagon da ke zauren ta fi launin nan gaskiya.

Ka shigo ta hannun da gurbin yake. A Kamaru da Chadi dama ake bi, don haka in an ce wurin na hannun dama ne daga shataletale, ta shataletalen za ka zo. Juyawa a tsakiyar titin kasuwa na cin minti uku da zagi mai yawa. Da ka hango motar, ka tsaya bayanta da tazarar mota guda, ba gabanta ba, ka kunna siginar dama. Tsayawa a baya na ba shi filin fita, kuma jikin motarka na tare masu shigowa. Shi kuma mai tashin kada ya motsa sai ya gan ka a madubi. In ya fita kafin ka iso, aikin ya tashi a banza.

Jira na da iyaka. Mai tashi ya ba da minti uku bayan lokacin da ya faɗa, in ba ka zo ba ya rubuta "na tashi" ya yi gaba, ba laifi a kansa. Kai ma in ka makale ka faɗa da wuri: "Yi haƙuri yaya, na makale, a ba wani." Da ka shiga kuma ka rubuta kalma ɗaya a kan saƙon farko: "An cike." Rashin wannan kalmar ne ke sa mutane su yi ta zuwa wurin da aka cike tun minti ashirin da suka wuce.

Auna gurbi da shiga cikinsa

Corolla na da tsawon kusan mita huɗu da rabi, tana son gurbin mita shida. Hilux mai ƙofa huɗu ta haura mita biyar, a ba ta bakwai. Taku ɗaya na babban mutum kusan santimita 75 ne, don haka taku takwas na ƙaramar mota, tara zuwa goma na babba. Masu ba da labarin wurin da suka gani a buɗe su riƙa faɗinsa da taku.

Da baya ake shiga. Ka jera da motar gaba, tazarar kamu ɗaya da rabi tsakaninku, bambarka ta baya daidai da tata. Ka murɗe sitiyari dama gaba ɗaya, ka ja baya a hankali har motar ta karkace rabi, ka miƙe taya ka ci gaba har hancinka ya wuce bambar ta gaba, sannan ka murɗe hagu gaba ɗaya ka zauna. Abin da ya fi ɓata mota a nan ba motar maƙwabci ba ce, kwata ce. Murafun siminti da yawa sun karye ko an ɗauke, madubi kuma ba ya nuna ramin. In ba ka san wurin ba, ka sauka ka duba kafin ka ja baya.

Wurin da ke buɗe amma ba naka ba

Wani gurbin da ka gani fayau a tsakiyar cunkoso, akwai dalilin da ya sa kowa ya bar shi. Allo mai da'ira shuɗiya da jan baki da jan layi ɗaya a karkace na nufin ba a fakin. In layukan biyu ne sun gicciye, ko tsayawa ba a yi. Allo shuɗi mai kusurwa huɗu da farin harafin P shi ne izini. Ma'aikatan magajin gari na iya sa wa tayarka mari ko su ja motar zuwa furiya, inda hukuma ke tsare motoci, kuma cewa "a zaure aka gaya mini" ba hujja ba ce a wurinsu. In hakan ta faru ka nemi takardar biya ta hukuma, ka adana ta.

Ban da alluna, akwai wuraren da hankali ke hanawa: bakin mararraba, ƙofar gida ko gareji, mashigar asibiti, tashar 'yan moto ko ta taksi ko da babu kowa a lokacin, da gefen masu sayar da man zuwa-zuwa a kwalabe, inda tartsatsi ɗaya ya isa. A Njamena musamman, kada ka tsaya kusa da fadar shugaban ƙasa, barikin soja ko ofishin jakadanci, kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoton gurbi a irin waɗannan wuraren. Masu kula da zaure su rubuta jerin wuraren da aka hana a yankinsu, su goge duk saƙon da ya nuna ɗayansu. Haka kuma zauren na fakin ne, ba na faɗin inda jami'an tsaro suka tsaya ba.

Damina na da nata tarkon. Daga Yuli zuwa Satumba gefen titin da ba kwalta yakan yi ɓawon busasshiyar ƙasa a sama, laka a ƙasa. Mota ta hau lafiya, ta nutse kafin ka dawo. Mai ba da labari ya ƙara kalma ɗaya, "tsandauri" ko "laka". Kwari kuma, inda ruwa ke taruwa, a guje shi in hadari ya haɗu. Da rani kuwa inuwa ake nema, kuma inuwar darbejiya tafiya take yi: wadda ke kan motarka da ƙarfe goma ta koma gabas da ƙarfe uku. In za ka daɗe har yamma, ka ajiye motar a gabashin itacen.

Sanin lokacin da wuri ke buɗewa

Bayan wata ɗaya zaure na aiki, za ku ga abin yana maimaita kansa, kuma wannan sanin ya fi kowane saƙo daraja. Masu sauke kaya na tashi da hantsi. Gaban bankuna na cika a ƙarshen wata. Ana samun sarari bayan azahar. Ranar Juma'a titunan da ke kewaye da babban masallacin Njamena, wanda ke maƙwabtaka da babbar kasuwa, sahu ne ke cinye su, kuma motar da aka bari a nan tun safe ba za ta fita ba sai an sallame. A Ngaundare bakin tashar jirgin ƙasa na cika da safe lokacin isowar jirgin Yawunde, ya sake cika da yamma kafin ya tashi. A Garwa ranar da ake wasa a filin Rumde Ajiya, unguwar gaba ɗaya sai a hankali. Kwanakin jajibirin salla kuwa a manta da neman wuri a bakin kasuwa kwata-kwata.

A irin waɗannan lokutan dabarar ita ce zobe na biyu. Mutum na tafiyar kusan mita 80 a minti, don haka layin da ke mita 400 daga ƙofar kasuwa tafiyar minti biyar ce kawai, kuma sau da yawa a buɗe yake. Ka ba kanka zagaye ɗaya. In babu saƙo, babu gurbi, ka fita zobe na biyu ka taka. Kayan nauyi mai pus-pus ya kawo maka.

Kuɗi, ƙarya da yankewar rezo

Titi na kowa ne, ba a sayar da gurbinsa. A 2014 hukumomin birnin San Francisco a Amurka sun umarci wata manhaja mai suna MonkeyParking ta daina gwanjon wuraren fakin na bakin titi, saboda wannan dalilin. A zaure ma da zarar wani ya fara cewa "turo mini ta Orange Money in riƙe maka", a cire shi, in ba haka ba gobe za ka iske benci da tayu an jera a kowane gurbi ana jiran mai biya. Wannan daban yake da ɗan abin da kake ba mai gadin da ya kula maka da mota, ko tikitin hukuma inda ake yankarsa. Mai gadin ma ku yi magana tun kafin ka kulle ƙofa, ka kuma gane fuskarsa.

Sabon mutum sai wani ɗan zaure ya tsaya masa kafin a saka shi, kuma kada a watsa mahaɗin shiga a Facebook. Saƙon da ke kiran ka wani lungu da dare daga lambar da ba ka sani ba, ka ƙyale shi. Kada ka taɓa rubuta tsawon lokacin da za ka bar motar ko abin da ke cikinta.

Rezo kuma na iya ɗaukewa, wani lokaci ma ba na awa ɗaya ba: a Chadi an toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yuli 2019. Don haka ka ajiye lambobin mutum biyu ko uku na zaune a kowane layi, masu shago ko masu gadi, waɗanda za ka iya kira kai tsaye ko ka tura musu SMS da jerin nan guda biyar.

Da ka kashe inji, ka buɗe Google Maps, ka taɓa ɗigon shuɗi, ka zaɓi adana wurin fakin, ka ɗauki hoton shagon da ke gabanka in wurin ba na tsaro ba ne. Ka ja birkin hannu, ka naɗe madubin gefen titi don 'yan moto, ka kashe wurinka na kai-tsaye in bai ƙare ba. In dole ta sa ka tare wani, ka bar lambarka a takarda a jikin gilashi ta ciki. Sannan ka sa ƙararrawa a waya minti goma kafin lokacin da kake sa ran fitowa, domin ta tuna maka ka aika naka saƙon tun kana cikin shago.